Tuwon da Inna Ta Ci Tana Zagi

Matso kusa ki ji, wannan na shekarar jar masara ne. Mu a ƙauyenmu, can gefen Zakirai, haka muke kiran shekarar farin nan da gero ya ƙone a tsaye tun bai fitar da kai ba. Rumbuna suka koma ɗakin kaji. Sai aka fara kawo masarar agaji a buhu, launinta kamar ɗorawa, ana rabawa gida gida. Mu kuwa masara a wurinmu ta gasawa ce, 'yar wadda ake shukawa a bayan gida. Ba mu san ta a tukunyar tuwo ba.

Ina amarya a lokacin. Gidan namu babba ne, amma mu uku ne labarin ya shafa: ni, da uwar mijina da muke ce wa Inna, da faccalata, matar yayan mijina. Shi yayan ya daɗe yana fataucin goro a Gana, a zangon Kumasi ya auro ta, ya dawo da ita. Bahaushiya ce, amma Hausarta ta can ce. Ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, kowa "ya" ne. Da safe sai ta leƙo ta ce mini, "Inna ya tashi?" Tsamiya kuwa samiya ce a bakinta.

Mun tuƙa masarar nan yadda muke tuƙa dawa. Tuwon ya fito da warin buhu, kafin ya huce ya yi tauri kamar hoge. Kowa ya runtse ido ya haɗiye, ban da Inna. Ta gutsura sau ɗaya, ta ture akushin, ta ce ita ba kaza ba ce. Daga nan sai ruwa da 'yar tafasa in an samu. 'Ya'yanta suka roƙe ta, malamin unguwa ya zo ya yi mata nasiha, ta ce ta ji. Zanenta ya fara zagaye ta har da ragowa. Da ta miƙe yin alwala sai ta dafa bango.

Faccalata ta ce mu ba ta kason yini biyu, za ta yi irin na garinsu, banku. Ta jiƙa masarar ta bar ta kwanaki, muka niƙa a dutse, ni da ita muna karɓa-karɓa, ta kwaɓa da ruwa kaɗan, ta danne a ƙwarya, ta rufe da faifai. Na ce a ɗora tukunya? Ta ce a'a.

"Sai ya yi sami."

"Wane samu kuma? Ai mun samu, ga shi nan a ƙwarya."

"Sami! Sami irin na nono."

Sai a lokacin na gane tsami take nufi.

Ƙwaryar na zaune a madafi har ta fara bugun hanci. Inna ta bi warin da sandarta, ta ɗaga faifan, ta ga ƙullun ya kumbura ya tsage. Ba ta kira kowa ba. Ta ja ƙwaryar ta juye wa awaki, ta ce an bar abincin mutane ya ruɓe a shekarar da ake binne yara. Ranar gidan ya kwana da kunun kanwa tsararo. Mazan suka sha kununsu haka nan, uwa ce ta zubar.

Na biyun a ƙarƙashin gadona muka ɓoye shi. Mijina ya yi ta tambaya ko ɓera ne ya mutu a ɗakin.

Da ya yi tsamin, faccalata ta dama shi da ruwa da gishiri, ta ɗora, ta yi ta tuƙi tun yana ruwa-ruwa, ba talge ba ruɗe. Ta taka gefen tukunyar da ƙafa, tana murza muciya a jikin tukunya, har ya yi sulɓi yana sheƙi. Miyar ce ta fi ba ni mamaki. Ta jiƙa kauɗar tumatir, ta haɗa da attaruhu da albasa guda da gishiri, ta niƙa a dutse, ta kwashe. Shi ke nan, ba ta ga wuta ba. Ta ce a can da soyayyen kifi ake ci. Mu daddawa muka marmasa a kai.

Ni na ce ba zan kai wa Inna ba. Faccalata ta ɗauka da kanta. A wurinmu suruka ba ta cin abinci a gaban uwar miji, amma ita sai ta shimfiɗa ƙafa a bakin tabarmar Inna, ta wanke hannu, ta fara ci, tana jan yaji da baki.

"Inna, ka ci mana."

"Ni kike ce wa ka? Gemu kika gani?"

"Ka ɗanɗana kawai. In babu daɗi ka zage ni."

"Zagi ai ba sai na ɗanɗana ba, 'yar goro."

Amma ta miƙa hannu. Ta gutsura, ta dangwala, ta kai baki. Hawaye ya cika idonta saboda yajin. Ta ce tuwo ya lalace, miya ɗanya, wannan ko a gidan mahaukata. Ta sake gutsura don ta nuna mana inda ya lalace. Ina tsaye a bakin ƙofa har ta kai ƙasan kwanon, ta nemi ruwa.

Haka aka yi har ƙarshen damina mai zuwa. Kullum ƙwarya ɗaya tana tsami, ɗaya tana jiƙe. Kullum Inna ta ci, kullum ta ce ba ta taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba. Ran da yaji ya yi kaɗan sai ta ce yau kuma rowa aka yi. Ta daina dafa bango. Ta ga sabon gero, aka yi mata tuwonsa da miyar kuka, daga ranar ba ta ƙara ambaton wancan ba, ko da zagi.

To ke da kike ji, wanda ya cinye abu yana zaginsa tun daga rani har kaka, ƙi za a ce ya yi ko so?