Gwadabe da Masaƙar Kakansa

Gwadabe dillalin tufafi ne a kasuwar Ƙaraye, a shekarun da akokon Turawa ya fara ƙwace wa saƙin gida kasuwa. Bai taɓa saƙa ko taƙi ɗaya ba, amma in ka zauna kusa da shi sai ka ji tarihin masaƙar Zoza, wadda ya ce kakansa Ɗanmaliki ne ya kafa. A bakinsa, ran Litinin masaƙa ashirin ne ke aiki a cikinta, kafin Juma'a sun zama sittin. Ni dai ban ga laifinsa ba, kowa da abin da yake jin daɗin rana da shi.

Da Sarkin Masaƙa ya rasu bai bar magaji ba, sai Gwadabe ya ce ai gadonsa ne. Abokin takararsa Isyaku, masaƙi ne na gaske, amma ba ya da baki. Hakimi ya ce da Gwadabe, tunda da kaka yake taƙama, ya kawo shaida.

Ya ɗaura wa jaki akumari ya nufi Zoza. Abin da ya tarar a masaƙar bai wuce tsamiya ɗaya, da ramukan da masaƙa ke zura ƙafa, da akuyar wani tana kwance a ciki ba. Ya bi tsofaffi gida-gida yana rabon goro. Wani ya ce ya san tsamiyar. Wani ya ci goro biyu, sannan ya tuna ashe shi baƙo ne a garin. Daga ƙarshe aka ce ya je Ruwan Bago, matar Ɗanmaliki ta ƙarshe, Saude, tana nan da ranta, ta doshi casa'in.

A hanya dabara ta zo masa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ko yana raye ko yana kabari. Zai kai ta gaban hakimi ya ce, "Ba Ɗanmaliki ne ya kafa masaƙar ba?" Ita kuwa ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka ta amsa. Don haka bai ɓata lokaci wajen tambayarta komai ba. Ya gaishe ta, ya ɗora ta a jaki, ya riƙe igiya har Ƙaraye yana jin rawani a kansa.

Aka cika zauren hakimi. Gwadabe ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shaidata. Kaka, ba Ɗanmaliki ne ya kafa masaƙar Zoza ba?"

Saude ta tura mayafinta baya ta ce, "Wane Ɗanmalikin? Nawa?"

Wani dogari ya ce, "Subhanallahi!"

"Ɗanmaliki," ta sake faɗi, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Ranka ya daɗe, Ɗanmaliki bai san inda ake riƙe ƙoshiyar saƙa ba. Tsamiyar dai tasa ce, a gindinta yake barci. Sulle ne ya kafa masaƙa, wani bawan Allah da ya zo cin rani bai koma ba. Zaren kuma ni na kaɗa shi, shekara goma sha ɗaya, har yatsan nan ya karkace. Ku duba."

Ta ɗaga yatsan, kowa ya gani. Hakimi ya yi tari a cikin rawaninsa, irin tarin da ke girgiza kafaɗa. Kafin la'asar an naɗa Isyaku.

Gwadabe ya ji ciwon abin ƙwarai, don da gaske yake son kakan nan da bai taɓa gani ba, kuma shi kaɗai ne abin da yake da shi wanda ya fi dillanci. Duk da haka shi ya mayar da tsohuwar gida. Sun wuce gonaki da yawa, sannan ya kasa haƙuri.

"Haba Kaka! Ko kunya babu? Sunan mijinki, a gaban jama'a, har sau uku?"

Saude ta gyara zama a kan jakin ta ce, "Yo mijina, shekara saba'in sunan nan yana bakina ban furta ba, aikina kuma ba wanda ya ambata. Kai kaɗai ka taɓa tambayata, ka kuma tara min mutane. Allah ya yi maka albarka."