Mai Sifana da Akwatin Kaset ɗinsa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, ina tsugune ina wanke sarƙar babur ɗina da kananzir, abokinmu Tela ya bugo mini waya. Ko sallama bai yi ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Malam, Mai Sifana ya cika." Mun san jikin ya yi tsanani, don kwanansa shida a asibiti da ciwon ƙirji, amma duk da haka sai da na zauna daɓas a ƙasa, hannuna dumu-dumu da baƙin mai. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Ga wanda bai san shi ba, bakanike ne, kuma shi ne jagoran 'yar ƙungiyarmu ta mahaya tsofaffin babura, masu dogayen ƙafafun nan da aka ƙera don hanyar daji. Mu tara muka fara, yau saura mu huɗu. Abu biyu ya haɗa mu: son tsohon ƙarfe da son tsohuwar waƙa. Yau mako shida da rasuwarsa, kuma sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami. Da shi zan yi magana, don shekara ashirin da bakwai ban saba yin zancensa a bayan idonsa ba.

Mai Sifana, ka tuna ranar da na fara turo babur garejinka, ina sabon malamin makaranta, gumi ya jiƙa mini riga sharkaf? Rikodarka na rataye a ƙusa, muryar wani tsoho na rera waƙar manoma a cikinta. Na yi suɓul da baka na ce an tsallake baiti ɗaya, kakana ba haka yake yin ta ba. Ka ajiye sifana, ka zare makullin babur ɗin ka jefa aljihu, ka ce ba inda za ni sai na rera baitin. Haka na tsaya gaban masu jiran gyara, da muryata mai kama da ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, na rera. Aka yi ta dariya, kai kaɗai ne ba ka yi ba. Daga ranar na zama naka.

Duk ƙarshen wata mukan ɗaura kaya mu nausa ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba, mu nemi tsofaffin da suka rage da waƙoƙin niƙa, na noma, na masunta, na reno. Kai ne gaba, tsohuwar jif ɗinka na baya da igiya da tayoyi da jarkar ruwa. Mutane na ce mana mu sayi sababbin babura mu huta. Kai kuwa sai ka ce sabon babur in ya mutu a daji sai dai ka zauna ka yi tagumi, tsoho kuwa waya da filaya sun ishe shi.

Kana da wata ɗabi'a da ban ga kowa da ita ba. In mun isa gari, ba ka taɓa fara tambayar mawaƙi. Sai ka ce, "Me ya lalace a garin nan?" A nuna maka injin niƙa, ko famfon da ya shekara ba ruwa, ko keken ɗinkin wata bazawara. Ka kwanta cikin ƙasa ka gyara, ba ka karɓar ko sisi. Sai ruwa ya zubo, mata sun fara ɗiba, sannan ka wanke hannu ka ce a kai ka wurin tsohon da ya iya waƙa. Shi ya sa ba a taɓa rufe mana ƙofa ba. Wata shekara mun tarar da mai molon da muka je dominsa kwance, ƙafa ta kumbura suntum. Ka mayar da rikoda cikin jaka, ka sauke tayoyin da ke jibge cikin jif, ka shimfiɗa masa tabarma a baya, muka yi tafiyar awa huɗu zuwa asibiti. Ba mu samu waƙa a tafiyar ba, kuma ban ji ka ambaci hakan ba ko sau ɗaya.

Amma ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba, kana da taurin kai. Kaset ɗari biyu da goma sha biyu ka ɗauka, babu ko ɗaya da ka rubuta wa sunan mawaƙi ko na gari. Abin da ya lalace a hanya shi kake rubutawa. "Ranar da sarƙar Tela ta tsinke." "Ranar da kulochi ya ƙone." "Faci uku." Ni da na yi rayuwata ina kiran sunayen yara a rajista, abin nan yana ƙona mini rai. Na yi faɗa, na yi lallashi, har littafi na saya maka mai bango mai kauri, ka mayar da shi matashin da kake ɗora kafiretar babur in kana gyara. Kullum amsarka ɗaya ce: "Malam, ai ina nan. In ka manta ka tambaye ni." Gaskiya ne kuma, ko wanne aka ɗaga maka sai ka faɗi mai waƙar da garinsu da sunan babban ɗansa.

To, ga shi ba ka nan.

Kwana tara bayan rasuwarka 'yarka ta fari ta kira mu gareji, ta jawo akwatin ƙarfen nan na kaset ɗinka daga ƙarƙashin teburin aiki. Ta ce, "Baffa, Baba ya bar mini wasiyya a asibiti. Ya ce muryoyin nan aro ne, a mayar wa kowane gida nasa. Na buɗe, ni ban ga sunan mutum ko ɗaya ba." Na dubi Tela, Tela ya dubi ƙasa. Yawancin mawaƙan nan sun rasu. In mu huɗun nan ba mu tuna ba, babu mai tunawa a duniya, kuma mafi ƙanƙanta a cikinmu ya haura sittin. Na ce mata, "'Yata, kwantar da hankalinki. Duk inda ƙarfe ya taɓa kunyata mu, ba mu manta wurin ba."

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar muna garejinka. Mu sa kaset, mu karanta abin da ka rubuta, gardama ta kaure. Kulochi kaɗai sau huɗu ya ƙone, ka kuwa rubuta su iri ɗaya, Allah Ya yafe maka. Tela ya rantse na farkon a gindin dutse ne, na ce a bakin rafi ne, har sai da ya tuna a ranar ne ya yaga wandonsa garin turi, kuma shi tela ba ya manta wandon da ya yage. A nan na gane abin da ban gane ba kana da rai. Sunan gari yakan shige, amma wanda ya tura babur mil biyar cikin yashi ba ya manta inda ya tura shi. Ban ce ka yi daidai ba. Na dai ce ba ka yi wautar da na zata ba. Zuwa yau mun gano ɗari da sittin da tara.

Ranar Asabar da ta wuce muka kai na farko. Sai da muka yi kwana biyu kafin jif ɗinka ta yarda ta tashi, don ba ta san hannun wani mai gyara ba sai naka. Muka sami ɗan wani masunci, magidanci mai furfura, muka kunna masa. Da muryar mahaifinsa ta fito, shekara goma sha tara bayan an binne shi, sai ya miƙe tsaye ya cire hula, ya aika a kira masa 'ya'yansa duka.

Shekaranjiya muka ci karo da wanda ya gagare mu. Ya fi sauran tsufa, kuma abin da ka rubuta a kai shi ne, "Ba abin da ya lalace." Muka yi dariya, don a iya saninmu ba mu taɓa yin tafiya irin wannan ba. Muka kunna. Wata tsohuwa ce ke waƙar reno a hankali, ana jin kaji a bayanta. Muka juya ƙwaƙwalwa, babu wanda ya san ta. Muna cikin haka sai ga mai ɗakinka a bakin ƙofar da ta haɗa gida da gareji, ita da ko leƙowa ba ta yi.

Ta ce, "Ku ƙara murya."

Muka ƙara. Ta saurara har waƙar ta ƙare, sannan ta ce, "Ai ba tafiya ya yi ba. Innarsa ce, a tsakar gidan nan, wata ɗaya kafin ta rasu. Ranar ya sayo rikodar."

'Yarka ba ta taɓa jin muryar kakarta ba, don bayan rasuwarta aka haife ta. Na ɗauki alƙalami zan rubuta suna kamar yadda na yi wa sauran, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Bar shi, Baffa. Wannan ba inda za a kai shi, yana gida." Na yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Saura arba'in da uku, Mai Sifana. Za mu gano su, za mu kai su, ko da turi ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka biyar da ƙannenka, da duk garin da ke shan ruwan famfon da ka gyara. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa gyaran da ka yi wa bayinSa ya tarar da kai a mizani. Allah Ya sada ka da mahaifiyarka a Aljanna, mu kuma Ya ara mana kwanakin da za mu sauke wannan amana kafin namu kiran ya zo. Amin.