Yaya Haruna da Takardar da Na Kasa Ƙonawa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ina gaida duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, musamman waɗanda suka tako har Sandamu suka yi mana ta'aziyya. Mutanen gida da sauƙi. Maigidana yana fita masallaci da sandarsa, jikoki suna zuwa makaranta. Hajiya Rabi, matar marigayi, tana takaba, ƙafafunta sun kumbura, ba ta cin abinci sai an tsare ta. Ni ma hawan jinina ya ƙi sauka. Ɗana na fari da ke aiki a Kaduna lafiyarsa lau, amma shi ne ya hana ni sukuni, kuma zan zo kan maganarsa. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Ranar wata Asabar da hantsi ina tsintar wake a tsakar gidanmu a Daura, can wajen Kusugu, sai waya ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Kulu, Yayanki ya tafi." Na ce, "Ina ya tafi da wannan ƙirjin nasa?" Sai na gane. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin motar haya ta cika ta sauke ni a Sandamu har an yi masa sutura. Na samu ganin fuskarsa kawai, aka fita da shi kafin azahar.

Yaya Haruna shi ne babba a ɗakinmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni. Malamin firamare ne kafin mutanen yankinmu su zaɓe shi ya wakilce su a majalisar jiha. Yaran yanzu ba su san wannan ba. Sun san wani tsoho mai tari da ke noman gyaɗa a bayan gari. Ni na san shi lokacin da zaurensa ba ya rabuwa da mutane, makiyayi ya zo kan burtalin da aka nome, mace ta zo kan rijiyar da ta rufta. Bai taɓa bari a tsugunna masa ba. Yakan ce, "Tashi, kai ka ara mini kujerar nan, ni ya kamata in gaishe ka."

Akwai maganar da ya hana ni faɗa yana da rai. Yau zan faɗe ta.

Lokacin da sojoji suka karɓi mulki, ina gidansa wankan jegon haihuwata ta fari. Kwana huɗu da suna ke nan. An raɗa wa yaron sunan Yaya, shi ya sa har yau muke kiransa Kawu. Rediyo ya ce an rushe majalisa, kuma duk wanda aka zaɓa ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Yaya ya yi wanka ya sa fararen kaya kamar mai zuwa Juma'a. Hajiya Rabi tana ta kuka ba ta cikin hayyacinta, don haka ni ya kira gefe. Ya ajiye mini adakarsa ya ce, "Kulu, duk gidan nan wutarki ce kaɗai ba wanda zai tambayi dalilinta. In an hura ta ruwan wankan yamma, ki zuba duk takardun da ke ciki. Duka, kin ji?" Na ce na ji.

Da la'asar na zauna gaban murhu ina tura takardu ƙarƙashin tukunyar wanka. Ban san ko harafi ɗaya ba a lokacin. Duk mai rubutun boko na tura ta wuta, har da wata mai kauri mai jan hatimi wadda ta daɗe ba ta ci ba. A ƙasan adakar sai na tarar da wata da aka rubuta da tawada, irin rubutun allo. Zamana a makarantar allo bai yi nisa ba, amma na gane bisimillar da ke samanta. Ta yaya zan sa sunan Allah a wuta, a ƙarƙashin ruwan wankan mai jego? Ko taɓa ta da hannu ban yarda na yi ba, tunda ba ni da tsarki. Na ce a raina addu'a ce ta mahaifinmu, Yaya ya manta tana ciki. Na sa bakin mayafina na ɗauke ta, na zura ta cikin gafakar Alƙur'anin mahaifinmu da ke rataye a ɗaki. Har daɗi na ji cewa na yi abin kirki.

Bayan kwana biyu sojoji suka zo bincike da rana tsaka. Sun birkice rumbu, sun farke katifa, ba su sami komai ba. Har sun juya, sai wani mai igiya biyu ya hango gafakar. Ya ce mini, "Baiwar Allah, ɗan matsa." Ya goge hannunsa a wando, ya yi bisimilla, ya sauko da ita a hankali. Na ga leɓɓansa suna motsi a kan takardar. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Oga, ga ta nan."

Ba addu'a ba ce. Wasiƙa ce da Yaya da wasu abokan aikinsa suka rubuta da ajami don a zaga da ita ƙauyuka, tunda shi ne rubutun da mutanenmu suka fi karantawa. Sun ce jama'a ce ta zaɓe su, jama'a ce kaɗai za ta sauke su. Kowa ya sa sunansa a ƙasa.

Sauran 'yan majalisa sun yi kwanaki aka sake su. Waɗanda sunansu ke kan takardar ba su dawo ba. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a faɗa mana laifinsu ba. Aka yi ta yawo da Yaya daga wannan kurkuku zuwa wancan, har can kudu inda ba mu san kowa ba. Sau biyu Hajiya Rabi tana yin tafiyar kwana da dambun nama, ana mayar da ita daga bakin ƙofa. Abokinsa Malam Idi, mutumin Zango, can ya rasu, iyalinsa ba su ga gawarsa ba. A gari aka yi ta cewa wani munafuki ne ya tona, aka yi ta zargin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ina neman gafararsu. Babu wani munafuki, ni ce.

Kawu yana gudu yana magana sosai lokacin da aka sako Yaya. Ya dawo da tari, idonsa ɗaya ya yi fari, haƙoransa na gefe sun zube. Zauren da ke cika ya koma wurin kwanan awaki, don mutane suna tsoron a gan su a ƙofar. Ya nemi komawa koyarwa, aka ce ya kawo takardar shaidar malantarsa. Ita ce mai jan hatimin nan da ta daɗe ba ta ci wuta ba. Wanda ya fito daga hannun soja kuwa ba wanda zai tsaya masa a sake ba shi wata.

Na kai wata biyu ina guje masa. Wata rana ya zo Daura da kansa ya same ni ina daka. Na saki taɓarya na durƙusa, na faɗa masa komai. Ya ce, "Na sani. Sun nuna mini ita, sun faɗa mini inda suka same ta. Tashi, Kulu. Tsoron Allah kika yi, su ne ba su yi ba. Laifina ne, ina malami na koyar da 'ya'yan gari na bar ƙanwata." Ya sa na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Sannan ya ciro littafi da fensir daga aljihu ya ce, "Ki gama dakan ki zo, ɗaliba mai zanen goyo."

Duk ranar kasuwar Daura in ya kawo gyaɗa sai ya biyo ya ba ni darasi, boko da ajami. Kaina ya yi tauri, ga yara. In na juya harafi baya sai ya ce, "Wannan kuma ina ya nufa, Nijar?" Shekara uku muka yi a haka. Ranar da ya ce na iya, sai ya karanto mini wasiƙar nan da ka, tun daga bisimilla har sunan Malam Idi, ya sa na rubuta da hannuna. Ya ce, "Yanzu kin san abin da kika ajiye." Ba mu ƙara tayar da maganar ba.

Kurkuku bai sake shi ba har ya mutu. In aka ba shi tuwo sai ya raba biyu ya rufe rabi, ko da tukunya cike take. Ya ɓalle duk wata sakata da ke bayan ƙofa a gidansa. Bai taɓa zagin waɗanda suka tsare shi ba, bai kuma taɓa cewa ya yafe ba. Duk kaka sai ya ɗora buhun gero a babur ya kai wa iyalin Malam Idi, ya ajiye a zaure ya juyo ba tare da ya jira godiya ba. Da aka dawo da zaɓe, shi ne na farko a layi kowane karo, ya zo ya nuna mini tawada a yatsa. Ba wanda ya zo ya ce masa sannu da abin da ka sha. A zaɓen da ya wuce bai fita ba. Na tambaye shi, ya ce, "Na gaji da ara wa mutane abin da ba sa mayarwa."

Ranar sadakar uku manyan motoci suka cika ƙofar gidan, irin waɗanda ba su taɓa tsayawa nan ba yana da rai. 'Yan siyasa ne. Suka nemi iso su gaida mata, Kawu yana biye da su kansa a ƙasa. Babbansu ya dube ni ya ce, "Hajiya, kujerar nan ta gidanku ce. Muna so Kawu ya fito takara. Sunan ma ɗaya ne, ba sai mun koya wa tsofaffi sabo ba." Suka yi dariya.

Na ce, "Alhaji, kun san hanyar gidan ashe?"

Ya ce, "Haba Hajiya, wancan zamani ya wuce. Soja ya koma bariki."

Na ce, "Haka aka ce mana a wancan karon ma. Ga iyakar Nijar nan kusa, babur yana kai mutum. Ku tambayi matan waɗanda aka zaɓa a can inda mazansu suke."

Ya ce Allah ya huci zuciyata, za su dawo ranar sadakar arba'in su ji amsa, kuma a gaban jama'a za su ɗaga hannunsa. Kawu bai ce uffan ba. Ya koma Kaduna washegari. In na kira sai ya tambayi jikina da maganina, in na ɗauko maganar sai ya ce, "Inna, za mu yi magana." Na san irin wannan shirun. Na gan shi a fuskar Yaya ranar da ya sa fararen kaya.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Haruna, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa fiye da ɗakunan da aka kulle shi a ciki. Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ka jiƙan Malam Idi a inda aka binne shi, kai ka san wurin. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri da lafiya, ka rufa musu asiri. Waɗanda ke tsare a yau ba tare da shari'a ba, ka dubi iyayensu mata. Ni kuma ka yafe mini. Amin.

Kawu, saura kai. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ba kuma zan so in fara ganinsa a jikin bango ba. Kana goye a bayana aka sauko da gafakar nan, yanzu ka san komai. Sadakar arba'in ta faɗo ranar Laraba ta sama. Ina roƙonka ka ba ni amsa kafin ranar, a rubuce da hannunka, ba ta waya ba, don zan karanta da kaina in maimaita. Ka ce musu a'a. In kuwa ka riga ka amsa musu, kamar yadda zuciyata take faɗa mini, to kada ka ɓoye. Ka riƙa kawo takardunka nan wurina. Na iya karatu yanzu, na san wadda ake ƙonawa.

Mahaifiyarka, kuma ɗalibar marigayi,
Kulu