Bututun Hayaƙi a Rufin Yayana

Da za a ba ni damar goge aiki ɗaya cikin ayyukan da hannuna ya yi, da na goge hawan da na yi kan rufin yayana a Kaura Namoda. Na yi ɓarna a can sama, na rufe ta da jan fenti, na sauko na ce aiki ya yi kyau. Har yau idan na tuna ji nake kamar in mari kaina.

Shekarar da aka fara shari'a a Zamfara ne. Yaya ya samu aikin magatakarda a kotu, ya baro Zurmi ya kama wani tsohon gida na zamanin Turawa kusa da tashar jirgi. Rufinsa tayil ne na jan yumɓu, an jera ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon kifi. Kicin ɗin a jikin gidan yake, ba taga sai wata 'yar kafa. Matarsa na girki da itace, tana tari har idonta ya yi ja. A ɗakin da ke manne da kicin Yaya ya ajiye littattafan mahaifinmu cikin gafaka, rubutun hannu, wasu tun na kakanmu. Babu irinsu a wurin kowa.

Ni kafinta ne, na shekara ashirin ina buga kwano. Yaya ya ce in fitar masa da hayaƙin ta sama.

"Ka taɓa aikin irin wanga rufi?"

Na ce rufi ai rufi ne.

Na hau na yi tafiyata kamar bisa kwano, ina jin ƙas ƙas ƙarƙashin ƙafata. Ashe tayil tura shi sama ake yi a zare shi a hankali. Ban sani ba, ban kuma tambayi kowa ba, na sa guduma. Guda biyu ya kamata in cire. Goma sha ɗaya na fasa. Na kafa bututun da maƙeri ya naɗa mini, hayaƙi ya miƙe sama, matar Yaya na ta sa mini albarka daga tsakar gida. Na rufa leda a wurin na ce sauran gyara kaɗan.

Na zaga kasuwar Kaura, na je Shinkafi, ba mai sayar da irinsa. Sai na ɗauki guda mai lafiya na kai wa wata tsohuwa mai ginin tukwane a Zurmi, ƙawar mahaifiyarmu.

"Inna, irin wanga nika so, goma sha ɗaya. Ki auna shi daidai."

Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa. "Daidai da mi? Wanga ya riga ya sha wuta. Ɗanyen yumɓu in ya bushe aka toya shi, ƙanƙancewa yakai. Bari in ƙara mishi yatsa biyu."

"Ni na san awo, Inna. Da tef nika aiki."

"To, mai tef. Uwarka ma ta sha fama da kanka."

Ta yi yadda na ce. Suka fito gajeru da yatsa biyu, bakin wannan ba ya kama na wancan. Komawa wurinta ya kamace ni, amma na kasa jure dariyar da za ta yi mini. Dattijo da gemu, tsoron dariyar tsohuwa ya hana shi gaskiya. Na cike giɓin da siminti, na shafe da fenti. Daga ƙasa ba ka gane sabo da tsoho.

Yaya ya ɗaga kai ya duba. "Ba wanda ya fashe?"

"Ko ɗaya."

Lokacin nan ba zancen da ake yi a gari sai na amana da tsoron Allah, ni kuma a sahun farko nake salla. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Zafin bazara ya tsattsaga simintin. Da damina ta sauka, ruwan bai zuba a kicin ba inda za a gan shi. Sai ya bi katakon rufi, ya gangara cikin silin ɗin ɗakin littattafai, yana ɗiga a kan gafaka. Yaya na can yana fama da takardun kotu, sai wari ne ya kai shi ɗakin. Tawadar malamai kuwa ba ta jure ruwa. Takardun sun manne, rubutun ya narke ya zama baƙin dabbare.

Ya aiko na zo. Da kansa ya hau tsani, ya kankare fentin da farce, ya sauko. Bai ɗaga murya ba.

"Da ka ce mini sun fashe, da na kwashe littattafan. Ɗauka biyu ce."

Daga baya ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe, amma har ya rasu bai sake sa ni ko buga ƙusa a gidansa ba. 'Ya'yanmu sun tashi suna jin ana cewa kakansu malami ne, ba su taɓa ganin layi ɗaya na hannunsa ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, kada ya yi irin nawa. In ka fasa wani abu a rufin mutum, sauko ka gaya masa tun hadari bai haɗu ba.