Sadi Asurans da Sunan da Aka Soke

A Zangon Sokode, in ka ce kana neman Sadi sai a tambaye ka wanne. In ka ce Sadi Asurans kuwa, ko mai kokon bakin masallaci za ta nuna maka gidansa, ta ƙara da cewa kada ka gaishe shi in kana sauri. Mutum ne siriri mai tsohuwar jakar fata, ga shi da doguwar gaisuwa. Zai tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafar kakarka da ta gurɗe tun bariya.

Sana'arsa sayar da inshorar lafiya, wadda mu a nan muke kira asurans. Albashi babu. Wani kamfani ne a Lome ya ba shi kati mai hotonsa, duk wanda ya shigar sai a ba shi la'ada. Wahalar sana'ar ita ce sanin ƙofar da za ka yi sallama, kuma nan Awudu yake cin abincinsa. Awudu yana da keken rubutu a gefen gidan waya, yana buga wa mutane takardun buro, wato na ofis, don haka ya san wanda ya sami aiki da wanda ya buɗe shago. Sai ya jera sunayensu ya sayar wa masu asurans. Amma fa yana sa kabon a ƙarƙashi, takarda ta fito har uku. Ta sama mai tsada ce, ta ƙarshe kuwa sai ka ɗaga ta wajen rana kafin ka karanta. Ita Sadi yake saya kullum.

Ta sama ta Memunatu ce, wata mai asurans 'yar Kpangalam da ke da babur. Sau nawa Sadi ya yi sallama a gida aka ce masa, "Kai ne na uku yau." Sai ya yi dariya ya zauna ya gaisa.

"Kawu," in ji Memunatu in sun haɗu, "ni na shigar da maigidan tun da safe. Kai kuma me ka samo?"

"Na samo cewa ɗansa ya fara tafiya, 'yata."

A haka ya shekara goma sha ɗaya yana riƙe da gidansa, har aka shiga rikicin dimokuraɗiyya. Ƙarshen casa'in da biyu aka fara dogon yajin aikin nan. Buro a rufe, lekol, wato makarantar boko, a rufe, malaman makaranta da akawunan da Sadi ya shigar duk suka daina biya. Sai ga wasiƙa daga Lome a hannun wani direba: in bai kawo sababbin mutum ashirin kafin ƙarshen wata ba, za a karɓe katin a ba wani. Matarsa Fulera ta ce ran nan ko sakwara bai taɓa ba, yana ta juya katin a hannu.

Awudu ya ce akwai mafita. Ɗan'uwansa da ke rubuta takardun shanu a karar Dapango, kasuwar shanu can arewa, ya aiko masa da sunayen fatake talatin, mutanen da ba ruwansu da albashi. Sadi ya sayi kabon na ƙarshe. Memunatu ta kama hanya washegari da sassafe. Shi kuwa sai da ya tsaya sunan jikar maƙwabcinsa, sannan ya hau babbar mota, sojoji suna sauke su a kowane shinge suna duba katin shaida. Ya isa Dapango saura kwana takwas wata ya ƙare.

A tasha ya tarar da Memunatu tana ɗaure kaya a babur, fuska a murtuke.

"Koma gida, Kawu. Na bi su ƙofa ƙofa, wanda ya zo bayana ma ya bi su. Kowa sai ya ce sai ya yi shawara. Na farko a takardar ma, Awwal, jiya ya rasu. Ga shi na soke shi."

"Inna lillahi. Ina gidan?"

"Matacce za ka shigar?"

"A'a. Amma sunansa na cikin jakata tun Sokode. Ba zan shigo garinsa in ƙi yi wa iyalinsa gaisuwa ba."

Ya ajiye jakar a masauki ya tafi hannu wofi. Ya yi ta'aziyya, ya sami gefen tabarma kusa da wani dattijo da ya miƙe ƙafa ɗaya. Ai kuwa sai Sadi ya kama tambayar gwiwar: tun yaushe, da me ake shafawa, ko ta fi damu in an yi ruwa. Washegari ya dawo sadakar uku. Nan fa ya ji ana kiran sunaye, kowanne ya san shi a takardarsa. Mutum ashirin da tara da yake nema suna zaune gabansa suna karɓar goro. Ya ce mana daga baya har harshensa ya yi ƙaiƙayi. Amma a zaman makoki? Ya karɓi nasa goron bai ambaci asurans ba.

Da aka shafa fatiha, dattijon ya riƙe hannunsa.

"Malam, kwana biyu ina ganinka. Me Awwal yake a wurinka?"

Sadi bai iya ƙarya ba. "Baba, ban taɓa ganinsa ba. Sunansa na saya."

Ya kwashe duka ya faɗa, har da kabon da wasiƙar Lome. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe. Ashe shi ne Alhaji Jibrilu, maigidan fatake, wanda a gidansa suke sauka, shi ke tsaya musu a ciniki. Ba mai dangwala yatsa a wata takarda sai da saninsa. Shi ne shawarar da kowa ke cewa zai yi. Sunansa kuwa babu a jerin Awudu, don ba shi da saniya ko ɗaya da aka rubuta da sunansa.

"Awwal ya yi sati shida a kwance," in ji Alhaji. "Bijimansa huɗu na sayar da hannuna, a wulaƙance, don magani. Ka zo bayan bakwai."

Sadi ya lissafa a ransa, ya ga bayan bakwai kwana biyu ne kacal za su rage. Bai ce a gaggauta ba. Ya ce Allah ya kai mu.

Ran da ya dawo da jakarsa, zaure ya cika. Alhaji ya yi masa tambayoyi har la'asar. Sadi ya faɗi abin da takardar ke biya, ya kuma faɗi abin da ba ta biya, har wani ya ce, "Wannan sayarwa ya zo yi ko hanawa?" Aka yi dariya. Mutum ashirin da uku suka dangwala. Matsalar da ta rage ita ce gidan waya na cikin yajin aiki. Alhaji ya ce wannan ba komai, akwai motar shanu da za ta Lome. Takardun suka isa ranar ƙarshe, kuma an ce sakatariyar kamfanin sai da ta buɗe taga saboda warin shanu kafin ta karanta su.

Katin ya ci gaba da zama a aljihun Sadi har ya tsufa ya ajiye shi da kansa. Kowace shekara yakan je Dapango sabunta takardu, aikin yini ɗaya ya ɗauke shi kwana huɗu, don sai ya bi gwiwar Alhaji da 'ya'yan marigayi Awwal. Awudu ya taɓa ce masa yanzu da ya sami hali ai sai ya riƙa sayen ta sama.

"Bar wa Memunatu," in ji Sadi. "Ita ke da babur. Yaya haƙorin nan naka, ya daina?"