Baba Rafiu na Makarantar Bakin Gona

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, wadda ta yi daidai da 13 ga Sha'aban, ina tsaye a gaban 'yan aji shida bayan azahar, Muniru ya kira ni daga Tamale ya ce mahaifinsa, Baba Rafiu, ya cika. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba Rafiu, wanda ya kafa makarantarmu a bayan garin Yendi, ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar mako uku. Aka kawo shi gida, aka sallace shi kafin magariba.

Baba, shekara ashirin da uku na yi ina koyarwa a ƙarƙashinka, amma har yau ban gama gane ka ba. Ranar da na zo neman aiki, na miƙa maka takarduna, ka ajiye su gefe ba ka duba ba. Ka tambaye ni me ya sa wata yake bin mutum idan yana tafiya. Na ce ban sani ba. Ka ce in fara ran Litinin. Sai daga baya na ji cewa mutum uku sun riga ni zuwa, kowa ya ƙirƙiro maka amsa, kowa ka sallame shi.

A lokacin, makarantar ɗaki uku ce da yara talatin da ɗaya, gonakin doya sun kewaye ta. Sunan da ke jikin allo daban ne, amma Makarantar Bakin Gona kowa ke cewa. Mutanen unguwar Zongo suna mamakinka, mai gyaran agogo, wanda ya yi shekara ashirin a bakin kasuwa da gilashi a ido, ya wayi gari ya ce zai buɗe makaranta. Ni ma na sha tambayarka dalili. Wani lokaci ka ce filin ne ya ƙi yin doya. Wani lokaci ka ce ka hango wayar hannu za ta kashe sana'ar agogo. Sai a zaman makoki, ƙanwarka Zaliha da ta zo daga Salaga ta gaya mana cewa shekarar da aka ce baƙi su bar ƙasa, mahaifinku ya koma Ilori, kai kuma ka bar aji saura wata kaɗan ka gama, don ka riƙe mahaifiyarku. Ba ka taɓa ambata mana wannan ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ranin 2005. Yara suka fara ƙin zuwa, yau biyu, gobe uku. Kurkunu ne, ya kumbura musu ƙafa, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa. Kowa ya ce ai ciwon ƙauye ne, yaran sun kwaso shi wajen hutu. Kai ba ka gamsu ba. Ka ce yaya za a yi yaran da ke da rijiya a tsakar gidansu su kamu? Ka je wajen ma'aikatan lafiya, suka bayyana maka cewa ruwan da mutum ya sha bara shi ke fito da tsutsar bana. Ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙasa, kai da 'yan aji biyar, kuka rubuta sunan kowane mara lafiya, da unguwarsu, da ruwan da suke sha. Kwana huɗu kuna wannan aiki. Unguwa daban-daban, rijiya daban-daban. Abu ɗaya kawai ya haɗa yara goma sha tara: tafkin da ke bayan makarantarmu, inda muke cika randuna duk ranar da mai kawo ruwa bai zo ba.

Zan faɗi abin da na yi, tunda kai ba ka taɓa faɗa ba. Na same ka a ofis na ce mu killace tafkin shiru, mu daina ɗiba, babu wanda zai sani. Ka ce, "Malama Taslima, 'yan aji biyar sun riga sun sani. Su ne suka gano. Idan na ɓoye, me na koya musu ke nan?"

Ka tara iyaye a ƙarƙashin mangwaro ranar Asabar. Ka ɗaga kwalin, ka yi bayani da Hausa, ka maimaita da Dagbanci, harshen mutanen yankin, don kada wani ya tafi da rabin magana. Ka ce ruwan makarantarka ne, laifinka ne. Alhaji Zainudeen, mai fataucin doya, wanda 'yarsa ta yi wata biyu a kwance, ya miƙe ya ce ya ba ka amanar yarinya mai tafiya da ƙafarta, ka mayar masa da ita a goye. Ba ka kare kanka ba. Kafin ƙarshen wata, daga yara ɗari da arba'in saura tamanin, malamai biyu kuma suka nemi aiki a wani wuri. Ni kaina na ɗauka makarantar ta mutu.

Ka aika Salaga aka zo da masu haƙa rijiya. Ina tuna Hajiya Asiatu, uwargidanka, tana faɗa saboda ka sa an ɗaura maka igiya ka sauka ciki, wai kana so ka ga inda jar ƙasa ta ƙare, farar ta fara. Da yamma kuma kana bin gidajen marasa lafiya a kan tsohon babur ɗinka, ka zauna a bakin tabarma ka yi musu darasin ranar, har da waɗanda aka riga aka cire daga makarantar. Wasu iyayen suka dawo da 'ya'yansu, wasu ba su dawo ba. Alhaji Zainudeen ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarka. Da na yi ƙorafi, ka ce in bar shi, gaskiya ce da shi.

Yau gari ya cim mana. Babu gona ko ɗaya kusa da Makarantar Bakin Gona, sai shaguna da gidajen bulo da ƙarar babura. Yara sun haura ɗari huɗu, har da ƙaramar sakandare. Sau da yawa an ba ka shawarar gina ɗakunan kwana, don iyaye daga Bimbila har Bawku suna nema. Ka ƙi. Ka ce yaro ya kwana gidansu, ya ci tuwon uwarsa, ya dame ta da abin da ya koya. Kuma sun dame su. Wata uwa ta taɓa zuwa ta roƙe mu mu daina, don ɗanta ya hana ta girki sai ta gaya masa inda gishiri ke zuwa idan ya narke.

Ba zan ce ba ka da aibu ba. Ba ka taɓa zuwa taro a kan lokaci ba, kai da ka gyara agogon rabin gari. Duk na'urar da aka kawo makaranta sai ka kwance ta ka ga cikinta, kuma ba duka ce ta koma yadda take ba.

Na je duba ka a asibiti kwana biyar kafin rasuwarka. Na tarar ka tsare ma'aikaciyar jinya da tambaya a kan yadda ruwan da ake ƙara maka yake sanin hanyarsa. Da ta fita, ka tambaye ni labarin kowane aji. Na ba ka labarin masu ƙoƙari. Ka ce ba su kake nufi ba. "Waɗanda ke zama a baya, ba sa ɗaga hannu, su ma fa suna da tambaya. Ina suke kai ta? Na yi shekara ashirin da huɗu ban gano ba. Ki duba mini."

Na ce to, Baba. Ban san wannan ce maganarmu ta ƙarshe ba. Tun ranar da muka koma aji, kujerata na mayar da ita can baya, kusa da su.

A madadin malamai da ɗalibai na da da na yanzu, ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Asiatu, da 'ya'yansa Muniru, da Nusrat, da Abdul-Gafar, da Inna Zaliha da dukan dangi na Salaga da Yendi. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah, bawanKa Rafiu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya kowane harafi da aka koya a makarantarsa a ma'auninsa. Ya yi rayuwarsa yana tambaya. Ka sauƙaƙa masa amsa a ranar da shi za a tambaya. Amin.