Alluran Magen Inna

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, na san ba zai iya kwashe abin da 'yan gidanmu suka yi wa magen mahaifiyata ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai takaici ya kama ni.

Magen tsohuwa ce, fara mai baƙin kunne ɗaya. Mu a Sakkwato mussa muke cewa, kuma Inna ba ta taɓa raɗa mata wani suna ba. A gidanmu na gado da ke bayan Hubbare ta girma, a ƙarƙashin gadon Inna take haihuwa, a gefen sallayarta take kwanciya. Da Inna ta rasu aka raba kaya, kowa ya ja nasa, mage kuwa ba wanda ya ko kalle ta. Ni na ɗauke ta, na haɗa da wani tsohon zanen Inna da take son kwanciya a kai. Kullum na dawo daga makarantar da nake koyarwa, ita ke tarbata a zaure.

Wata damina sai ƙafafunta na baya suka fara mutuwa. Ta daina hawa katanga, ta daina hawa gado, daga baya ma jan ciki take yi zuwa kwanon ruwa. Na sa ta a kwando, na tari Keke Napep zuwa wani asibitin dabbobi a wajen Tudun Wada. Likitar matashiya ce, mai sanyin hannu. Ta ce tsufa ne ya ci gaɓoɓin ƙugu, jijiya kuma ta danne. Ta ba da magani, amma ta ce ƙodar magen ba za ta jure shan sa da yawa ba, don haka tana so ta haɗa da wata hanya ta 'yan China da ta koyo a waje. Wasu siraran allurai ake tsirawa a zaɓaɓɓun wurare a jiki, a bar su ɗan lokaci, sannan a zare. Babu ruwan magani a cikinsu. Na yi dariya, na ce magen da ko ƙaya ba ta yarda a cire mata, ita za a jera wa allura? Wallahi ina tsaye ta jera su daga gadon baya zuwa cinya, sirara kamar gashin jelar doki, mage ta lumshe ido ta yi barcinta.

Likita ba ta yi mini alkawarin warkewa ba. Amma bayan 'yan makonni na dawo daga aiki na tarar da magen a zaure, ta taka da ƙafarta, tana ɗingishi. A nan na durƙusa na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka fita da Inna.

Saboda jijjigar Keke na tayar mata da ciwon, likita ta yarda ta riƙa zuwa gida. Wata Asabar da hantsi ta zo, ta shimfiɗa zanen Inna a ɗakina, ta jera alluranta. Sai aka kira ta a waya ta fita zaure, ni kuma na shiga madafi in damo mata fura. A wannan ɗan tsakanin Gwaggo ta shigo. Yayar mahaifinmu ce, sashenta na cikin gidan, kuma ta daɗe tana fama da ciwon ƙugu, wanda ya tsananta mata a daminar nan. Salatinta na jiyo, na fito da ludayi a hannu.

"Ke, mi nika gani haka? Allura ga jikin mussa, bisa zanen mamaciya?"

Na ce, "Gwaggo, magani na. Likita na nan waje."

"Magani? Dubi inda anka soka su. Nan ƙuguna ka ciwo. Mussa ta tashi, ni na kwanta. Ashe ke ta!"

Wanda ya tashi a wurinmu ya san allura a jikin dabba fassara ɗaya take da ita, wato sammu. Kowa ya taɓa jin labarin kazar da aka tono a ƙofar gidan wani da allurai a jikinta. Gwaggo ta riga ta gama lissafinta, an ɗauke ciwon mage an ɗora mata. Likita ta dawo ta yi bayani cikin ladabi, ta nuna kwalin alluran, har ta ce za ta tsira ɗaya a hannunta a gani. Gwaggo ta kau da kai, ta ce ai bokayen zamani farar riga suke sawa.

Kafin la'asar zance ya gama gida. Matan da muke ci a kwano ɗaya suka daina karɓar girkina. Wannan bai dame ni ba sosai, don na dogara da Yaya, babban wanmu. Malami ne, shi ke karantarwa a masallacin ƙofar gida, kuma da kunnena na sha jin yana jan kunnen mutane a kan alhakin mage. Na same shi na zayyana masa komai. Ya ce ya san ni, ya san ba na tsafi, amma in sallami likitar a zauna lafiya. Na ce na ji, ba za ta sake shigowa ba, ni zan riƙa kai magen asibiti.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta, zaure wayam. Na duba ɗaki, na duba ƙarƙashin gado, zanen Inna kawai na gani. Yaya bai ɓoye mini ba. Gwaggo ce ta ƙi cin abinci muddin magen na gidan, shi ne ya sa ta a buhu, ya ɗora a babur, ya kai ta bayan gari wajen lambunan bakin gulbi.

"Ban kashe ta ba," in ji shi. "Sakinta niy yi. Allah na ciyad da ita."

Magen da ba ta iya hawa gado! Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce, "Yaya, ita Gwaggo ba ta sani ba. Kai ka sani. Gobe mi za ka karanta ma mutane?" Ya ɗauki butarsa ya fita.

Na yi kwanaki ina bin lambunan nan da busasshen kifi a hannu, ina kiranta, mutane na kallona kamar mai taɓin hankali. Wani mai lambu ya ce ya ga karnuka sun bi wani farin abu cikin ciyawa. Iyakar labarinta da na samu ke nan. Ƙugun Gwaggo kuwa bai fasa ciwo ba, kuma ba wanda ya buɗe baki ya faɗi haka.

Bayan wasu shekaru ɗan Gwaggo ya kai ta wani asibiti a Abuja. Da ta dawo muka taru gaishe ta, tana ta ba da labari baki har kunne. Wai wasu allurai aka tsira mata a ƙugu, na China, ko zafi babu, har barci ya ɗauke ta, kuma ta ji sauƙi. Aka miƙo hoton da aka ɗauke ta da alluran a waya, kowa na ta Masha Allah. Da ya iso hannuna na duba, daga gadon baya zuwa cinya aka jera su. Yaya na zaune, ya zuba wa tabarma ido.

Na ce, "Gwaggo, to ciwon naki wa anka ɗora ma?"

Sai ta ce, "Ke har yanzu ba ki mance zancen mussag ga ba?" Na ce ban manta ba. Har yau ba wanda ya ce mini yi haƙuri.

Gwaggo na yafe mata tuntuni, tsoro da rashin sani ne suka ja ta. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai ilimin da ya san gaskiya, ya duba ya ga wa ya fi rauni a gidan, ya sayi zaman lafiya da shi. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce mini a bar magana don a zauna lafiya, sai na fara tambayarsa wa za a sa a buhu.